Bahijja da Rufin Soron Malam Kyari

Shekara ashirin da shida ina walda a bakin lungunmu na Dala, kuma a duk tsawon nan mutum ɗaya ne ya taɓa dawo mini da aiki ya ce in sake saboda ya karkace da faɗin farce. Mutumin nan mace ce, kuma a gabana aka haife ta. Sunanta Bahijja, jikar Malam Kyari, gidansu ne na uku daga rumfata idan ka nufi wajen dutse. Ni kuma Salihu. Bafulatani ne ni, ko da yake saniyar ƙarshe ta gidanmu tun ban yi wayo ba aka sayar da ita. Ita kuwa Babarbariya ce, kakanninta daga Borno suka zo da allunansu suka zauna. Saboda haka ina da izinin tsokanarta har ƙarshen rayuwa, ita ma ba ta taɓa raga mini ba.

Tun tana 'yar firamare ba ta da aiki sai ɓata mini langalangar rumfa da gawayi. Sauran yara suna zana mota da tsuntsu, ita layi kawai take ja, wannan a tsaye, wannan a kwance, har sai ta cika wurin da gidajen dara. Na kore ta ya fi a ƙirga. Mahaifinta ya rasu tana aji biyu na sakandare, mahaifiyarta ta yi aure a Yakasai, ita kuma ta zauna a ɗakin kakarta, Ya Kaka. Daga nan ta shiga kwalejin fasaha ta karanta zanen gine-gine. Da ta gama ta yi wata bakwai a wani ofis a cikin sabon gari, inda aikinta shi ne kai takardu wurin buga su, sai ta tattara ta dawo gida da tsohuwar kwamfutarta mai tsagaggen murfi. Tun daga lokacin mu ne mutanenta: masu walda, masu adon silin, masu ƙera ƙofofin gidajen masu hali. Mu kawo mata abin da mai aiki yake so da baki, ita ta mayar mana da shi lissafi.

Yadda take yi sai da na daɗe ina leƙe kafin na gane. Ba zane take da hannu ba. Da farko takan gina fuskar abin a cikin kwamfutar, ko bango ne, ko ƙofa mai lanƙwasa, ko rufi mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Sai ta umarci manhajar ta raba fuskar nan, layi kaza a tsaye, layi kaza a kwance. Nan take layukan su bi jikin abin su kwanta luf, su zama raga. A gefe akwai wasu 'yan akwatuna da ta haɗa su da zare-zare, kowanne da lamba a cikinsa, da wani ɗan maɓalli da take ja hagu da dama. Ta taɓa lamba ɗaya, ragar gaba ɗaya ta motsa ta sake zama. A ƙarshe abin ya fitar mata da tsawon kowane layi da yadda ya lanƙwashe, ni kuma in yanka rodi a kan wannan. Sunan manhajar ta faɗa mini ya fi sau biyar, harshena ya ƙi ɗauka. Ni dai gizo-gizo nake ce mata.

Ba don yabon kwamfuta na ɗauko wannan labari ba. Na ɗauko shi ne saboda abin da ya faru da soron gidansu a daminar bara waccan.

Soron nan babu mai rai da ya ga gininsa. Na ƙasa ne, rufinsa baka huɗu ne masu lanƙwasa kamar bakan gizo da suka sarƙe a sama, azara a ciki, yaɓe a waje. A cikinsa Malam Kyari ya yi shekara hamsin yana ba da karatu. Kuma shi kaɗai ne ƙofar gidan, gidan da ke da mutum talatin da wani abu. Duk matar da za ta je awo, duk mai zuwa makaranta, duk dattijon da zai zauna hira bayan la'asar, ta ƙarƙashin rufin nan yake bi. Da aka yi marka ta kwana uku a watan Agusta, sai aka wayi gari da tsaga a rufin, daga kusurwar gabas har kusa da tsakiya, wadda za ka iya zura yatsu uku a ciki.

Babba a gidan shi ne Alhaji Aliyu, wan mahaifin Bahijja, mai sayar da yadi. Ya duba sama sau ɗaya ya ce a rushe, a yi na siminti da kwano. Zan yi masa adalci, ba mugun mutum ba ne. A makon nan gini ya faɗo a wata unguwa, kowa ya ji, kuma in wani abu ya faru shi za a tambaya. Amma yana da irin halin nan na in ya faɗi magana to ya gama. Ya Kaka, mahaifiyarsa, mai shekara tamanin da ɗoriya, ta aiko masa cewa ta nan aka shigo da ita amarya, ta nan aka fitar da mijinta, kuma ba ta yarda a taɓa shi ba tana numfashi. Kwana biyu ba ta ci abinci ba sai kunu.

A nan Bahijja ta shiga tsakani. Ta durƙusa a gaban Alhaji ta ce, "Baffa, a ba ni mako biyu. Zan yi ragar ƙarfe da za ta bi cikin rufin daidai jikinsa, a kafa ta kan ginshiƙai, ta tallafe shi daga ƙasa. Sai magini ya hau ya gyara daga sama ba tare da tsoro ba."

"Idan ba ta yi ba fa?"

"In ba ta yi ba, ba zan ƙara magana ba."

Ya yi lissafi da yatsunsa. "Asabar ta sama da ta sama masu rusau za su zo. Na riga na gaya musu. Tsakanin nan da can, ki yi abin da za ki yi."

Ta koma ta ce wa Ya Kaka ta ci abinci, soro ba zai je ko'ina ba. Da kunnena na ji daga baya cewa har rantsuwa ta yi mata, kuma a ranar tsohuwar ta ci tuwo.

Aikin farko shi ne awo. Kwamfuta ba ta san soron Malam Kyari ba sai abin da aka gaya mata. Da sassafe, kafin maza su fito, Bahijja ta share daɓen soron, ta auna faɗinsa da tsawonsa da tef, ta zana gidajen dara da alli, layi bakwai nan, layi bakwai nan. Mahaɗa arba'in da tara ke nan. A kan kowace mahaɗa ana so a tsayar da gora har ta taɓo rufi, a san tsayin wurin. Ita ta so ta yi da kanta. Amma kafin ta fara rana ta ɗaga, maƙwabta sun taru kallo, Alhaji ya fito ya ga 'yarsa a tsakiyar maza da gora a hannu. Ya ce ta shiga gida, akwai masu wannan aikin.

Mai aikin shi ne Ɗantani, tsohon maginin unguwarmu, wanda shi yake yi wa soron yaɓe tun yana saurayi. Duk Dala babu mai tsawonsa. Idan ya zo shiga gidan mutane sai ya naɗe kansa kamar tabarma. Bahijja ta miƙa masa tef kafin ta shige, ya dube shi kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Shekara arba'in ina gini ban taɓa riƙe wannan abin ba, kuma ba ginin da ya faɗo mini," in ji shi. "Hannuna bai isa ba?"

Haka aka yi. Ya tsayar da gora, ya kama wurin da ta tsaya, ya kwantar da ita, ya bi ta da hannunsa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kamu takwas, ɗani ɗaya, yatsa biyu. Ni ne marubuci. Ni da tef a aljihuna, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in zaro shi in ɗora a jikin gorar ba. Mun girma muna jin kamu, a wurin yadi, a wurin igiya, a wurin haƙar kabari, kuma ba mu taɓa tambayar kamun wa ba. Na cika takarda da lambobi arba'in da tara na aika mata ciki. Ita kuma ta buɗe akwati ɗaya a cikin gizo-gizonta ta rubuta cewa kamu santimita arba'in da biyar ne, kamar yadda ta sani a littafi, ta ɗaure sauran lissafin gaba ɗaya a jikin wannan akwatin.

Washegari ta kawo mini kwamfutar rumfa. Ga rufin soron yana juyawa a allo, layuka sun lulluɓe shi. Ta ƙura masa ido.

"Baba Salihu, kamar ya fi haka tsayi a ido," ta ce.

"Ke 'yar Barebari, idonki ne zai fi hannun Ɗantani? Ba ni lambobina in fara, kwanaki tafiya suke."

Ta ba ni. Wannan maganar tawa har yau tana ci mini rai.

Kwana goma na yi a kan rodin nan. Guda goma sha huɗu manya masu lanƙwasa, kowanne da irin nasa gantsarewar, da ƙanana masu haɗa su, da ginshiƙai takwas. Wuta ta yi ta wasa da mu, janareto ya ci mai har ya gaji. Kowace rana da yamma hadari yake haɗuwa a gabas, ni in dubi sama in dubi rodi. Tsagar kuwa Ɗantani ya rufe ta daga sama da leda da duwatsu, amma kowa ya san leda ba magani ba ce. Bahijja takan zo sau biyu a rana da tef ɗinta ta bi kowane rodi. A nan ne ta dawo mini da guda ɗaya ta ce ya karkace. Na yi faɗa, na ce a gidanmu ba a koya wa Bafulatani sanda. Ta ce wannan ba sanda ba ce, rodi ne, in sake. Na sake.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu masu rusau su zo, muka kwashi ƙarafan zuwa soro da hantsi. Lungu ya cika. Alhaji Aliyu ya sa an kawo masa kujera ya zauna a bakin ƙofa, hannunsa a kan gwiwa. Bahijja tana tsaye daga ƙofar ciki, rabin jikinta a bayan labule. Muka kafa ginshiƙai, kowanne ya zauna a kan alamarsa cif. Na fara jin daɗi. Muka ɗaga rodi na tsakiya, mafi girma, muka ɗora, ƙafafunsa suka shige wurinsu kamar da su aka haife su. Na ɗaga kai.

Tsakanin bayan rodin da rufin akwai filin da akuya za ta wuce ba ta sunkuya ba.

Muka ɗora na biyu, haka. Na uku, haka. Wani daga waje ya yi dariya, wani ya ce, "To, kwamfuta ta yi wa gajeren soro riga." Na zaro tef na auna rodin a gaban kowa, don kada a ce ni ne. Daidai yake da takarda, ko gashi bai ragu ba.

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Bai ɗaga murya ba. "An gwada," ya ce. "Malam Salihu, a kwashe ƙarafan nan kafin Asabar."

Sai ga Bahijja ta fito daga bayan labule. Ba ta dubi baffanta ba, ba ta dubi rodi ba. Hannun Ɗantani take kallo, wanda ya dafa ginshiƙi da shi.

"Baba Ɗantani, don Allah miƙo hannunka."

"Hannuna kuma?"

"Baba Salihu, ɗora masa tef. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa."

Tsohon ya ɓata rai, yana cewa yau ya ga ikon Allah, amma ya miƙo. Na ɗora. Hamsin da biyu. Na sake ɗorawa, don ban yarda da idona ba. Hamsin da biyu. Kamu kusan tara, kowanne an ci masa santimita bakwai, ga akuyar nan ta samu hanya. Ta buɗe kwamfutar a kan dakali, ta goge arba'in da biyar ta sa hamsin da biyu. A gaban idon kowa rufin da ke allo ya miƙe ya yi sama, layukan suka bi shi. Mutane suka ce, "Kai!" Ni kuwa na san rodi ba ya miƙewa da taɓa maɓalli.

"Laifina ne," ta ce wa Alhaji. "Ban tambayi kamun wa ba. Baffa, ka bar ni in auna da hannuna yau. Ko da za a rushe, in san gaskiyar abin da na yi kuskure a kai."

Ya dube ta, ya dubi taron. Na zaci zai ce ta shiga gida. Sai ya juya ya ce wa mutane kallo ya ƙare, kowa ya kama gabansa, shi ma ya tafi kasuwa.

Daga azahar har bayan la'asar muna cikin soron nan mu uku. Ita take tsayar da gora, ni ina ɗora tef, Ɗantani yana zaune a dakali ya juya mana baya, wai fushi yake. Ƙasa tana ɗan zubo mana a ka jefi-jefi. Duk lokacin da gorar ta taɓa kusa da tsagar sai in ja da baya. A waje an fara iska. Muka gama arba'in da tara muka koma rumfata, ta zauna a kan bencina ta fara shigar da sababbin lambobi kusa da na Ɗantani da aka gyara.

"Ka ga tsohon nan," ta ce, "hannunsa ya fi tef ɗin wasu. Duba. Yatsa ɗaya, rabin yatsa, daidai, daidai." Tana tafiya tana murmushi, har ta zo layin ƙarshe na gabas. Sai murmushin ya ɗauke.

Ta juyo mini da allon. Ragar ta kwanta sumul a ko'ina, sai a kusurwar gabas, inda layuka huɗu suka lotsa ciki kamar an danna kwando da gwiwa.

"Ɗantani ya yi kuskure a nan," na ce.

"Wanda bai yi kuskure a wuri arba'in da biyar ba?"

Muka kira shi. Ya zo yana ƙunƙuni. Ta tambaye shi nawa ya samu a mahaɗar da ke kusa da kusurwa. Ko takarda bai duba ba ya ce kamu takwas da ɗani, ya tuna saboda a nan gorar ta kusa kufce masa. Muka koma soron, ya tsayar da gorar da kansa, ya bi ta da hannunsa. Kamu takwas da yatsa uku. Ya sake. Ya tsaya da gorar a hannu. Bahijja ta ɗaura wani noti a bakin zare ta ba shi, ya miƙa dogon hannun nan ya manna zaren a saman bangon gabas daga waje. Notin ya yi lilo ya tsaya nesa da gindin bangon. Bangon yana kwantowa waje, kan lungun da mutane suke bi zuwa masallaci.

Ba awo ne ya bambanta ba. Rufin ne ya sauko kusan tsawon tafin hannu a cikin kwana goma sha biyu, kuma yana tura bangon yana tafiya.

Ɗantani ya ajiye gorar a hankali. "Gindin azara ya ruɓe," ya ce. "Ruwa ya daɗe yana shiga." Ya sa kai ya fita ya tafi gida.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da muka koma rumfa na ce mata, "Saurara, Injiniya. Gizo-gizon nan naki ba ya bin duk yadda rufi yake? Ki ba shi sababbin lambobin, ya fitar mini da ragar da za ta zauna daidai, har da lotsawar. Ginshiƙai kawai zan ƙara wa tsawo, rodi huɗu in sake lanƙwasa su. Gobe da yamma mun kafa. Kowa ya ga ta zauna cif, Alhaji ya yi shiru, masu dariya su ji kunya. Maganar bango kuma, ni da ke da Ɗantani muka sani, in rani ya zo sai a san yadda za a yi."

Ba don soro na faɗi haka ba, kuma ba don Ya Kaka ba. Dariyar nan ta hantsi ce take mini zafi a ƙirji. Shekara ashirin da shida ba a taɓa yi wa aikina dariya ba.

Bahijja ta jawo kwamfutar gabanta. Ta sa lambobin. Ragar ta sake zama, ta bi lotsawar nan ta kwanta mata, kyakkyawa, ba wanda zai ce akwai aibu.

"Ka gani," ta ce a hankali. "Duk abin da na ba shi zai yi masa layi. Ba ya tambaya ko abin yana raye." Ta rufe murfin. "Raga za ta riƙe rufi, Baba Salihu. Ba za ta riƙe bango ba. In na kafa ta, kowa zai saki jiki ya koma zama a ciki."

"To, Ya Kaka fa? Kin rantse mata."

Ta rungumi kwamfutarta ta tafi, an fara yayyafi.

Da safiyar Juma'a Alhaji Aliyu ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙofar gida, Bahijja tana durƙushe a gefe. Fuskarsa a sake, abin da ban saba gani ba. Ashe jiya da ya dawo ya shiga wajen mahaifiyarsa, sun daɗe, kuma ya ga yadda rufin ya miƙe a allo, abin ya tsaya masa a rai.

"Malam Salihu, kwana nawa gyaran ƙarafan zai ɗauke ka?" ya ce. "Na yi tunani. Kuskuren kamu ne, kowa yana iya yinsa. Zan ɗaga wa masu rusau. Na ƙara mata mako guda."

Abin da muke bukata ke nan, ga shi an miƙo mata ba ta tambaya ba. Na dube ta ina yi mata alama da ido. Kanta yana ƙasa, yatsunta suna murza bakin hijabinta.

"Baffa, na gode," ta ce. "Amma kada a ɗaga. A rufe soron yau, kafin a tafi masallaci. A sa igiya a lungun nan kada kowa ya bi ta gindin bangon. A fasa ƙofa ta baya."

Ya yi kamar bai ji ba. "Me kika ce?"

Ta buɗe kwamfutar ta nuna masa lotsawar, ta faɗa masa kwana goma sha biyu, ta kai shi ya ga zaren da notin. Ba ta tsallake komai ba, har da cewa ragar za ta iya zama daidai a ido. Shawarata kaɗai ta bari ba ta faɗa ba. Alhaji ya tsaya a lungu yana kallon notin nan yana lilo. Mutumin da ya fara cewa a rushe, shi ne na ga ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana kallon bangon da ya yi karatu a jikinsa.

"Wa zai gaya wa Ya Kaka?" ya ce.

"Ni."

Ba ta kai ga shiga ba. A gida mai mutum talatin magana ba ta jiran mai ita. Muna tsaye sai muka ji ƙarar sanda a kan daɓe. Ya Kaka ce ta fito cikin soron, ita kaɗai, a ƙarƙashin tsagar. Alhaji ya yi tsalle zai riƙo ta, ta ɗaga masa sandar, ya tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi rufin da idanunta da ba sa gani sosai, ta daɗe. Sannan ta tako har bakin ƙofa, ta tsaya a gaban jikarta.

"An ce ke kika ce a rushe."

"Ni ce, Ya Kaka."

"Aliyu ne ya matsa miki."

"A'a. Shi ƙara mini kwanaki ya yi. Ni na ƙi."

"Abin naki ne ya kasa?"

"Bai kasa ba. Da na so, da gobe kin ga raga a sama, kin yi murna. Amma zai faɗo, kuma ban san kan wa ba."

Bahijja tana durƙushe, hawaye suna sauka kan murfin kwamfutar, ba ta share ba.

"Da Aliyu ne," in ji Ya Kaka, "da na san abin da zan ce masa, tun jiya na tanade shi. Ke kuwa ban san yadda zan yi da ke ba."

Ta miƙa mata hannu, ba don ta tashe ta ba, don ta riƙe ta. Bahijja ta miƙe ta kama ta. Ba su koma ta cikin soron ba. Suka bi ta lungu a hankali, suka kewaya ta bayan gida, inda ba ƙofa tukuna, suka tsaya a jikin katanga suna jira. Ni na koma rumfa na ɗauko guduma da kurfi, na zo na fara fasa musu hanya.